Ciwon da Asibiti Bai Gano Ba: Yadda Ƙungiya Za Ta Riƙe Mai Ciwo

Darasi domin ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyin ƙasar Funtua da Malumfashi. A karanta shi a taron wata, maza da mata tare, sa'an nan a amsa tambayoyin da suke ƙarshe.

Darasinmu na yau a kan wani abu ne da yake cin rumbu fiye da gara da ɓera. A kusan kowace ƙungiya akwai wani ɗan'uwa ko wata 'yar'uwa da ta daɗe ba ta jin daɗin jikinta. An je asibiti, an ɗibi jini, an auna fitsari, likita ya ce, “Ba mu ga kome ba.” Amma ciwon yana nan. Me za mu yi da irin wannan mai ciwo?

Wane irin ciwo ne?

Kun sha jin yadda sukan faɗa. Wani ya ce kansa yana zafi kamar an ɗora masa garwashi. Wata ta ce wani abu yana mata yawo a jiki, yau a kafaɗa, gobe a ƙafa. Wani gabansa ne yake faɗuwa, ga jiri, ga kasala, ga rashin barci. Wata kuwa cikinta ne yake murɗa ko ta ci ko ba ta ci ba. An gwada, ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba, ba hawan jini, ba ciwon suga.

Abu na fari da za mu riƙe shi ne, ciwon nan na gaske ne. Wanda ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ya kwanta a ɗaki cikin damina, ba wasa yake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka ce raki ne, ko ƙiwuya, mun ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Abin da yawon neman magani yake ci

Bari mu ɗauki misali. A ce wani magidanci ya sami buhu 20 na masara, matarsa kuwa tana fama da irin wannan ciwo. Ranar kasuwa ya kai ta wurin mai kemis, aka yi mata allura. Ba sauƙi. Ya kai ta wani ɗakin awo a gari, aka ce taifot ne da maleriya, aka sa mata ƙarin ruwa. Bayan mako biyu abin ya dawo. Surukarsa ta kawo jiƙo. Wanzami ya yi ƙaho. Wani ya ba da labarin mai addu'a a wata jiha, aka biya kuɗin mota. Kowane mataki buhu ɗaya ko biyu ne. Kafin ruwan fari ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, ba kuɗin taki, wataƙila ma an sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa.

Ku lura da abu guda cikin labarin nan. Mutum biyar ko shida sun taɓa maganin matar, amma ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya ba ta. Kowa daga farko yake somawa. Katin asibiti ya ɓace, takardar awo an ƙunsa ƙosai da ita. Ana iya ba ta magani iri ɗaya sau uku da suna dabam dabam.

Wannan hali ya daɗe a ƙasarmu. Wani masani mai suna Murray Last ya zauna cikin Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, yana lura da yadda ake jiyya. A 1981 ya rubuta cewa sau da yawa mai ciwo da mai ba da magani duka ba su san asalin ciwon ba, ba su kuma matsa su sani ba. Ana gwada wannan, in bai yi ba a gwada wancan, kowa kuma yana ɓoye abin da ya sani. Shekaru sun wuce, magunguna sun ƙaru, amma gwaje-gwajen nan da ɓoye-ɓoyen ba su bar mu ba.

Bayan hasarar dukiya akwai wadda ta fi ta muni. Sa'ad da aka rasa sunan ciwo, sai a soma neman sunan mutum. A ce kishiya ce ta yi sammu, ko tsohuwar gidan can mayya ce, ko ƙanen miji ne ya yi jifa saboda gonar gado. Gidaje da yawa sun rabu ta haka, ƙungiyoyi ma sun watse.

“Ba mu ga kome ba” yana iya nufin abu uku

Manomi ya san ganyen masara yakan yi ɗorawa saboda dalilai da yawa: rashin taki, ko ruwa ya kwanta, ko tsutsa, ko wuta-wuta. Haka yake ga jikin mutum.

Na ɗaya, wataƙila cutar tana nan amma ba ta fito fili ba tukuna, ko kuwa kayan awon da ake da su ba su isa su gan ta ba. Ku tuna da wuta-wuta. Tana kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa, tana shan ruwanta makonni kafin ta ɓullo a sarari. Wanda ya duba gonar yau ba zai gan ta ba, amma wanda yake zagayawa kowane mako zai kama ta. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi shekaru suna bincike a ƙauyukan Malumfashi a kan tsargiya, da zazzaɓin cizon sauro, da sanƙarau, da saran maciji. Abin da ya ba su ilimi shi ne komawa ga mutane ɗaya sau da sau, suna rubutawa.

Na biyu, wataƙila ciwon daga aiki ne ko daga wurin zama. A 2010 yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, suna suma suna sanƙarewa, an ba su maganin zazzaɓi bai yi ba. Daga baya aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. An gano ta ne da aka tambayi irin aikin da ake yi a gida. Mu ma muna da namu: feshin maganin ƙwari a gonar auduga da wake ba tare da rufe hanci da jiki ba, da ajiye maganin a ɗakin kwana, da zuba ruwan sha a galan ɗinsa. Waɗannan sukan kawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya. Shan ƙwayoyin kashe ciwo kullum ma yakan ci ciki.

Na uku, wataƙila nauyin zuciya ne ya sauka a jiki. Hausawa sun ce jiki magayi. Kowa ya san tsoro yakan sa gaba ya faɗi, baki ya bushe, ciki ya ɗuri ruwa. To, in tsoron nan ko baƙin ciki ya zauna wata da watanni, jiki ba ya samun hutu. Ku duba abin da ya sami yankinmu. Tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari, da Sabuwa, da Dandume, da kuma sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, mutane da yawa sun kwana a daji, sun bar gonakinsu, sun biya kuɗin fansa, sun binne nasu. Ga bashi, ga rashin haihuwa, ga faɗan gida. Wanda ya ɗauki irin wannan kaya, in ya ce kansa yana zafi, gaskiya ya faɗa. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba.

Sau da yawa biyu daga cikin ukun nan sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Don haka kada ƙungiya ta yanke hukunci. Ba aikinmu ba ne mu sa wa ciwo suna.

Abin da masu bincike suka gano

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a asibitocin ƙasashe 14, har da wani a Ibadan, aka buga sakamakon a 1999. Cikin masu fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani, kashi 69 cikin 100 ciwon jiki kaɗai suka kai wa likita. An kuma ga cewa wannan ya fi yawa a wuraren da mai ciwo ba shi da likita ɗaya da ya saba da shi. Dalilin a fili yake. Wa zai buɗe cikinsa ga baƙon da bai taɓa gani ba?

A Amurka kuma, a 1986, waɗansu likitoci a Jihar Arkansas suka gwada wata dabara a kan mutum 38 masu irin wannan ciwo. Ba su kawo sabon magani ba. Wasiƙa suka rubuta wa likitan kowane mai ciwo, suka ce: ka riƙa ganinsa kowane mako 4 zuwa 6, ka duba jikinsa, kada ka yi ta aika shi awo in ba da dalili ba, kada kuma ka ce masa tunaninsa ne kawai. Kuɗin jiyyar mutanen nan ya ragu da kashi 53 cikin 100, lafiyarsu kuwa ba ta ragu ba.

A nan gida ma muna da abin koyi. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Masu ciwon ƙwaƙwalwa sukan sauka a gidajen ƙauye kusa da asibiti, kowanne tare da wani danginsa mai kula da shi. Ya gane cewa jiyya tana tafiya daidai in akwai na gida a ciki.

Darasin duka ɗaya ne. Irin wannan mai ciwo yana bukatar a riƙe shi wuri ɗaya, a hannun mutanen da suka san labarinsa. Wannan kuwa aiki ne da ƙungiya ta iya. Mu da muke tsara sayen taki, da rabon iri, da biyan rance, ba za mu kasa tsara jiyyar ɗan'uwanmu ba.

Tsari mai ƙafa biyar

1. Mai rakiya ɗaya. Mai ciwo da iyalinsa su zaɓi mutum ɗaya da suka amince da shi, mai riƙe asiri, wanda ya iya karatu ko kaɗan ne. Mace ta raka mace, namiji ya raka namiji. A nan zumuntar mata tana da babban aiki, gama akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban mijinta ko surukinta ba. A nemi yardar maigida tun da fari domin kada a sami saɓani. Mai rakiya ba likita ba ne. Aikinsa shi ne ya raka, ya saurara, ya tuna, ya rubuta.

2. Asibiti ɗaya, ma'aikaci ɗaya. A zaɓi ɗakin shan magani ko asibitin da ya fi kusa, a roƙi ma'aikaci ɗaya ya zama shi ne mai riƙe da mai ciwon. In akwai bukatar a wuce gaba, zuwa babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, shi zai rubuta takarda. In an dawo kuma a kawo masa amsa. Kada a tsallake shi.

3. Littafi ɗaya. A sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A shafin farko a rubuta ranar da ciwon ya soma da abin da ya faru a gida a lokacin. Bayan haka, kowane zuwa asibiti a rubuta kwanan wata, da wanda aka gani, da awon da aka yi, da sunan magani, da kuɗin da aka biya. A rubuta har jiƙo da saiwa da ƙwayar da aka saya a kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A sa katin asibiti da takardun awo duka cikin leda ɗaya tare da littafin. Littafin na mai ciwo ne, ba na ƙungiya ba, ba a kuwa karanta shi a taro.

4. Ranar komawa. Kada a jira sai ciwo ya tashi. A sa rana, misali ranar kasuwa ta farko a kowane wata, a je ko da sauƙi ko ba sauƙi. Amfaninsa biyu ne. Mai ciwo zai sami kwanciyar rai, gama ya san ba a yar da shi ba. Ma'aikaci kuma zai auna nauyinsa da jininsa kowane wata, in wata cuta tana ɓoye zai gan ta tun tana ƙarama.

5. Asusu mai ƙa'ida. Bayan girbi kowane ɗan ƙungiya ya ba da abin da aka amince, ko tiya ɗaya ce ta hatsi. A rubuta ƙa'ida: asusun zai biya kuɗin mota zuwa ranar komawa, da awo ko maganin da ma'aikacin nan ɗaya ya rubuta. Ba zai biya yawon neman magani ba. Ma'aji ya rubuta abin da ya fita, amma kada ya bayyana irin ciwon. In mai ciwo ya kasa noma, a yi masa gayya. A bar masa kuma ɗan aikin da zai iya, kamar tsinkar wake, ko kiwon kaji, ko awon hatsi a rumbun ƙungiya, gama kwanciya a ɗaki kullum tana ƙara kashe jiki.

Sauran masu hannu cikin jiyya

Mai kemis maƙwabcinmu ne, amma a nuna masa littafin kafin ya ba da kome. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin jagoran da ta fitar wa ma'aikatan lafiya a 2010, ta gargaɗe su kada su yi wa irin wannan ciwo maganin allura ko na bitamin don a faranta wa mai ciwo rai kawai. Mu ma kada mu matsa wa ma'aikaci mu ce sai ya yi allura ko ƙarin ruwa. Ma'aikacin da ya zauna ya saurare ka, ya duba ka, ya ce ka dawo wata mai zuwa, ya yi aikinsa. A yi hankali ƙwarai da tiramadol da ƙwayoyin sa barci. Sukan kwantar da ciwo yau, gobe su zama sarƙa.

Fasto da dattawa da masu ziyara suna da wurinsu. Addu'a da ziyara suna ƙarfafa mai ciwo, ba su kuma hana zuwa asibiti. Amma mu guji mai addu'ar da zai ce a zubar da magani, ko a sa marar ƙarfi dogon azumi, ko ya nuna wani da yatsa ya ce shi ne ya yi. A Markus sura 5 mun karanta labarin macen da ta yi shekara 12 tana fama, ta sha wuya a hannun masu magani da yawa, ta kashe dukan abin da take da shi. Yesu bai tsawata mata ba. Ya tsaya cikin taro ya ji labarinta duka. A Yohanna sura 9 kuma, da almajirai suka nemi wanda za a ɗora wa laifin makantar wani mutum, bai yarda da su ba. Maƙwabtanmu Musulmi da suke cikin ƙungiya, ko suke noma kusa da mu, su ma tsarin nan zai amfane su, mu gaya musu.

Sauraro ma magani ne. A ƙasar Zimbabuwe, tun 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taimakonsu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. A harshensu sunan ciwon yawan tunani. An gwada, an ga yana taimako. Muna da irin waɗannan iyaye mata a kowace ikilisiya.

Alamun da ba a jira da su

In ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, kada a jira ranar komawa. A tafi asibiti a ranar:

Rama ba dalili, ko gumin dare, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka.
Tari fiye da mako 2.
Jini a tari, ko amai, ko fitsari, ko bayan gida.
Kumburin ƙafa ko fuska, ko wani ƙullutu a nono, a wuya, ko a ciki.
Idanu su yi ɗorawa.
Ɓarin jiki ya mutu, ko baki ya karkace, ko suma, ko farfaɗiya.
Ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi ya yi wuya.
Mai ciwo ya soma cewa gara ya mutu. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kwashe maganin feshi daga gidan.

Ga ƙaramin yaro, da mace mai ciki, da tsohon da ciwo ya same shi sabo, kada a taɓa cewa damuwa ce kawai. A koma, a sāke dubawa.

Yadda za mu yi magana

Kada mu ce, “Ai likita ya ce lafiyarki ƙalau, tashi ki yi aiki.” Gara mu ce, “Sannu, Inna. Mun gode Allah awon bai nuna mugun abu ba. Mun san kina jin ciwo. Za mu koma tare ranar da aka sa.” Kada mu ce wa ɗan'uwa, “Ka cika tunani.” Mu tambaye shi, “Baba, yaya barci? Me ya fi damunka kwanan nan?” Sa'an nan mu yi shiru mu ji.

Kada kuma mu yi alkawarin warkewa nan da nan. Waɗansu sukan warke sarai. Waɗansu ciwon yakan ragu har su koma gona. Waɗansu kuwa daga baya ake gano cutar, a yi maganinta a kan lokaci domin ana zuwa. Ko wanne ne ya faru, rumbu bai ƙare ba, zumunci bai lalace ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ba tare da ambaton sunan kowa ba, wurare nawa mai irin wannan ciwo yakan je a ƙauyenku kafin shekara ta zagayo? Buhu nawa yakan ci?
2. Waɗanne abubuwa uku ne “ba mu ga kome ba” yake iya nufi?
3. Don me ake komawa asibiti ko da an ji sauƙi?
4. In wani ya kawo zargin maita a taron ƙungiya, me shugaba zai ce?
5. Su wane ne a cikinku aka san su da riƙon asiri, maza da mata?

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya ta zaɓi masu rakiya biyu, mace da namiji. Shugaba da magatakarda su je su gai da ma'aikacin lafiya na kusa, su bayyana masa tsarin nan, su ji shawararsa. A sayi littattafai 5 a ajiye wurin ma'aji. A taro na gaba a tsai da ƙa'idar asusu, a rubuta ta, kowa ya sa hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jiyya haƙuri. Sai darasi na gaba.